Hoton Malam Ya Koma Kore

Hoto ɗaya tak kakana Malam ya bari a duniya, mai fari da baƙi, yana zaune da rawani, hannunsa a kan gwiwa. Kakata, wadda muke kira Inna, tana ajiye shi a ƙarƙashin matashinta a gidanmu na Gwandu. Kowace safiya in ta yi alwala sai ta ciro shi ta shafa fuskar da ɗanyen yatsa. Shekara da shekaru hoton yana jure wannan, har gefensa ya fara rududdugewa.

Ni ce na ce zan sabunta shi. Lokacin ina koyarwa a Kalgo, kuma kusa da tasha akwai wani mai shagon buga takardu da ya ce yana fitar da hotuna. Inna ta ce 'yan boko ba sa ganin abu su bar shi yadda yake, amma ta ba ni, nannaɗe da ɗankwali.

Shagon warin tawada yake. Na ga mutumin ya zuƙo baƙar tawada da sirinji daga wata gora marar suna, ya ɗura wa firintarsa kamar mai yi wa akuya allura, ya goge hannu a wando. Na tambaye shi ko ta kamfanin ce.

"Malama, baƙi ai baƙi ne," ya ce. "Ta kamfani kwalba kawai kike saya."

Ya kwafi hoton a kwamfuta, ya buga babba mai sheƙi. Gaskiya ya yi kyau ranar. Na hau mota ina rungume da shi, ina ganin kamar na dawo wa Inna da ƙuruciyarta. Ko ɗaukar tsohon da waya ban yi ba.

A bayan tsohon hoton akwai bisimilla da Malam ya rubuta da hannunsa. A gidanmu takardar da ke da sunan Allah in ta tsufa ba a barinta ta wulaƙanta, binne ta ake yi. Da Inna ta ga sabo ya zo, sai ta kai tsohon gindin zogale ta binne, a tsakiyar damina. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan sati biyu na dawo gida. Inda yatsanta ke taɓawa tawadar ta zube, idon Malam na hagu ya gangaro zuwa gemu. Kafin kaka sauran fuskar ta rine ta zama kore-kore, irin gansakukar gindin randa. 

Na koma shagon. Ya ce kwamfutar ta kamu da cuta ya wanke ta tas, in kawo na asalin ya sake bugawa. Yana maganar yana cika sirinji.

Sai da na nemi na asalin wurin Inna sannan ta faɗa mini inda ta binne shi. Na tona gindin zogalen da hannuna. Laka na samu, da ɗan ɓawon takarda da gara ta rage.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ma ta yi. Ta dai miƙo mini koren hoton.

"Wanga ba Malam na ba, ɗiyata. Ɗauke shi."

Yana cikin akwatina, a kife. Ita kuwa har yanzu in ta yi alwala hannunta kan nufi ƙarƙashin matashi, sai ta tuna, ta janye shi ta goge a zane.