Yaya Bitrus da rundunarsa da ba ta cin yaƙi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bitrus, amma har yau in na shiga falonsa a garin Bowie, kusa da Washington, kujerar gaban talabijin nake fara kallo. Nas ne a asibiti, mutum mai kamun kai, sai dai duk Lahadi bayan coci yakan tuɓe kwat ya zama janar. Shi da 'yarsa Saratu suna da wani wasan kwamfuta na yaƙin zamanin dā. Ita takan ɗauki Girkawa, shi kuwa Farisawa, kuma kullum sai ta yi masa kaca-kaca.

Ni dai dariya nake yi daga kicin. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun yi Girkawa ƙarti da garkuwar tagulla, Farisawa kuwa taron yuyuyu, ana taɓa su sai gudu. Wannan ya tsaya wa Yaya a rai. Ba ya musun cewa a matsattsen wuri mai dogon mashi da sulke zai yi galaba. Abin da yake tambaya shi ne ina mahaya dawakan Farisawa, ina maharbansu, kuma ta yaya matsorata suka riƙe daula daga Masar har bakin Indiya? Yakan tuna mana cewa sarkinsu ne, kamar yadda muka ji a coci tun muna yara a Kafanchan, ya sallami mutanen Allah da aka kwashe zuwa bauta suka koma ƙasarsu.

Na taɓa ce masa ya ɗauki Girkawa ko sau ɗaya ya huta da shan kashi. Ya ce, "Ladi, yarinyar nan da Turanci take amsa mini komai. Nan kaɗai take zama kusa da ni ta ji Hausa. In na ci ta, za ta tashi." Tsoronsa ke nan, kada ya rasa bakin da zai yi magana da 'yarsa, kada kuma ta girma tana ganin mutanen nesa ba su da fuska. Ya tafi bai ji ta haɗa jimla ɗaya da harshenmu ba, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Da yana nan yau, da ya ga an gyara wasan. Saratu, wadda yanzu take jami'a a Washington, ta ce an ba Farisawa dawakai masu sauri da kiban da ke huda sahu. Na san Yaya, da ya yi murna kwana biyu sannan ya fara mita cewa an tauye wa Girkawa haƙƙi, don shi bai iya ganin an danne kowa ba. Wannan halin nasa ne ya fi zama mini a zuciya.

Watan jiya Saratu ta kira ni ina cikin mota. Ta ɗauki rundunar babanta, ta ci yaƙi. Na jira Turancin da na saba, sai na ji ta ja numfashi, tana laluben kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, mun ci. Wa zan gaya wa?"

Na gangara gefen titi na kashe mota, na ce, "Gaya mini, 'yata. Fara daga farko."