Kawu Ishaya da Bangon Majami'a

Duk wanda ya san Kawu Ishaya, ƙanen mahaifiyata, ya san wannan kallon nasa. Kana tsakiyar ciniki a kasuwar Sassumbrum sai ka ji ido a jikinka, ka waiga ka ga dogon tsoho, riga duk fenti, ya ƙura maka ido. Babu ko sallama, sai dai ya ce ka ɗan juya hagu. To shi ke nan, ka shiga Littafi Mai Tsarki ba da saninka ba, don a nan yake samo fuskokin da yake zanawa.

Da aka gama ginin 'yar majami'armu a Magaria, shi aka ba bangon gaba. Fasto ya kawo masa kalanda daga Kano mai hoton Yesu fari sol, gashi har kafaɗa, ya ce ya kwaikwaya. Kawu ya jujjuya ta, ya miƙa masa abarsa.

"Fasto, wannan bawan Allah in ya shiga gonar gero da safe, kafin hantsi a ludayi za a kwashe shi kamar man shanu."

Nasa Yesun baƙi ne, da malfa da sanda, ƙafa duk faso. Ya ce a bakin wata rijiya ya gan shi wajen Dantchiao, wani makiyayi ɗauke da gurguwar tunkiya a wuya, ga rana tana dukansa.

Sai zanen matar nan ta bakin rijiya da Yesu ya roƙa ruwa. Fuskar maƙwabciyarsa ya ɗauka, Hajiya Balki mai ƙuli-ƙuli, Musulma ce, shekara talatin suna tsokanar juna ta kan katanga. Ta leƙo ta ga kanta, ta ji daɗi, har ta tambaye ni labarin matar. Ni kuma bakina bai da linzami, na ce ai mijinta biyar. Hajiya ta ɗauko muciya ta yi gidan Kawu, tana cewa ita uku kawai ta yi, kowa shaida ne.

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji shi daga bayan rumbu, "ai da sauran kwana a gaba."

Rigimar gaske a kan zanen jibin ƙarshe ta tashi, wato abincin bankwana da Yesu ya ci da manzanninsa. Tuwon gero da miyar kuka ya sa a gaban manzanni, wannan an haƙura. Amma Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ya fito da wushirya da faffaɗan kunnuwa irin na Dattijo Markus, shugaban dattawan majami'a, wanda tun farko ya ƙi a ba Kawu aikin. Markus ya zo yana huci. Kawu ya ce shi dai bai rubuta sunan kowa ba, in mutum ya gane kansa, tsakaninsa da Allah.

Dattawa suka yanke a shafe bangon duka da farar ƙasa. Aikin wata bakwai! Kawu ya shimfiɗa tabarma a gindin bangon, ya ce sai dai su fara shafe shi. Kwana uku yana nan. Wa ke kawo masa fura? Hajiya Balki, wadda ta tsaya a ƙofa ta shaida wa dattawa ba mai shafa mata farar ƙasa a fuska tana raye. Matan majami'a ma suka zo suka zauna, suka ce wannan ne Yesun da ba sa jin nauyin kai masa kuka da Hausa.

Aka sasanta a kan ya gyara Yahuza kawai. Ya gyara kuwa. Ya naɗa masa rawani ya rufe bakin, ya bar kunnuwan a waje.

Da tsufa ya kama shi, hannu ya soma rawa, ya bar wani zane rabi, Yesu da yara, ko hannuwansu bai sa ba. Na ce ya bari a nemo wanda zai ƙarasa. Ya ce a bar shi haka, shi ma Allah bai gama da shi ba.

Da daminar bara ya tafi. Ya Ubangiji, ka ƙarasa abin da ka fara a bawanka Ishaya, ka ba hannunsa hutu. Mu kuma ka ba mu haƙurin rashinsa. Amin.