Ulmeken-apa da Tukwanen Iska Tara

Kullum da sassafe Ulmeken-apa, wato Inna Ulmeken a harshenmu, takan sauka daga bas a ƙarshen unguwa ta goma sha biyar, jakar abinci a hannu ɗaya, makulli a ɗaya. Ba ta fara buɗe kwantenar da injinta na ɗura iska yake ciki. Sai ta tsaya ta dubi wani tsumma da ta ɗaure a kan sanda, ta ga inda iska ta dosa. Daga nan ta ja mesar da injin ke zuƙar iska da ita, ta rataye bakinta ta ɓangaren da iskar ke tasowa, nesa da duk wani hayaƙi. Sannan ta ɗora shayi. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa makullin, don gwiwoyinta sun gaji da duwatsun bakin teku.

Ni a aji biyar karatuna ya tsaya, amma tun ina yaro nake bin abin da bai zauna daidai ba a duniya. Ina da gwangwani cike da haƙoran kifi da na tsinto a tsakiyar hamada. Tekun garinmu Aktau ma haka yake: a watan Agusta ƙasa na ƙona tafin ƙafa, ka taka ruwa haƙoranka su kama kaɗawa. Abin da ya fi duka ba ni mamaki shi ne matar nan. Ba ta taɓa sa kanta cikin ruwa ba, ba ta ma iya iyo ba, amma duk numfashin da muka ja a ƙarƙashin teku ita ta ɗura mana shi a tukunya.

Mu masu nutso ne na nishaɗi, ba mu da jirgi. Mukan sa rigar roba mai kauri, mu goya tukunyar iska, mu gangara kan duwatsu da ƙafa har ruwa ya shanye mu. Kafin ka ɗauki tukunya sai ta buɗe ta a kan farin hankici, ta duba, ta sansana. Idan na tsaya ba ta labarin wani kifin da na gani mai ido ɗaya, sai ta ce, "Jaksilik, tsoho mai tsince-tsince, ka fito da ranka, shi kaɗai nake so ka kawo mini."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru wata Asabar, shekara bakwai da suka wuce. Mu tara ne. Huɗu baƙi ne daga birnin Almati, sun kwana biyu a jirgin ƙasa don nutson yini ɗaya, washegari za su koma. Ulmeken-apa ta cika tukwane tun safe, hankici ya fito fari tas. Mun shirya, mun fara gangarawa.

A lokacin ne direban tankar da ke kawo mana ruwan sha ya dawo neman hularsa. Ya ce mata, "Apa, ki yafe ni ɗazu. Na ga kina waya, shi ya sa ban gaishe ki ba. Motar ce ba ta son a kashe ta, sai na bar ta tana aiki a bayan kwantena."

Bayan kwantena nan ne bakin mesar yake. Ƙanwarta ce ta kira ta daga asibiti, ta juya baya kusan minti ashirin, ƙarar injinta kuma ta danne ta motar. Tukunya ɗaya ko biyu sun sha hayaƙin salansa. Wacce ce, ba ta sani ba, don kowa ya riga ya goya tasa. Dafin da ke cikin irin wannan hayaƙi ba ya wari, ba ya ɓata hankici. A ruwan sanyi mutum yakan ja numfashi da sauri, a zurfi kuma barci kawai zai ɗauke shi. Direban bai san me ya faɗa ba. Babu wanda ya sani sai ita.

Ni na gan ta da idona. Mace mai shekara hamsin da tara, ta sauko duwatsun nan da silifa, ta faɗa ruwa da doguwar rigarta har ƙugu, ta damƙe tukunyar Erbolat, shugaban ƙungiyarmu, ta baya.

Erbolat ya cire abin numfashi daga baki. "Apa, yau iyo za ki koya? Da kin faɗa mu nemo miki riga."

"Ku fito, dukanku."

"Me ya faru?"

"Iskata ba ta da kyau."

"Kin sansana, muna kallo."

"Hancina ba likita ba ne, mai tumbi. Fito."

Muka fito muna ɗiga. Ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa, jikinta na rawar sanyi, iska na fita da tsuwa har tsuntsaye suka watse. Sake cika su aikin awa huɗu ne, kuma kowa ya ga teku ya fara tashi. Nutson ranar ya mutu ke nan.

Erbolat ya ja ta gefe, amma ina kusa. Ya ce, "Apa, ki ce musu inji ne ya samu matsala. Inji ba ya jin kunya."

Ta ce, "Injin lafiyarsa ƙalau. Ni ce na tsaya waya."

"Sunanki zai ɓaci."

"To ya ɓaci. Idan na ɗora wa inji, gobe wa zai kula da bayan kwantena?"

Ta je gaban baƙin ta faɗa musu kamar yadda aka yi. Wata a cikinsu, Raushan, ta ce, "Kwana biyu a jirgi, apa. Kin ma tabbata iskar ta gurɓata?"

"Ban tabbata ba, 'yata."

"To don me?"

"Don ban tabbata ba."

Ta zuba musu shayi da madara, ta fito da baursak, fanken da ta soyo don kanta. Biyu suka ci, biyu suka ƙi.

Abin da Erbolat ya ji tsoro ya faru. Labari ya zaga cewa tsohuwar Aktau na ɗura wa mutane hayaƙi. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ƙungiya ta dakatar da ita har ƙarshen bazara, aka koma kai tukwane wani wuri a cikin gari. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Da aka shiga sabuwar shekarar nutso, mu 'yan gari muka taru muka ce ba za mu shiga ruwa da iskar wanda bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Erbolat da kansa ya kai mata makullin har gida. Ta karɓa, ta ce masa ya rage cin nama.

Ulmeken-apa, ke ce mai tsaron ƙofar da ba a gani. Ke ce kika gwammace a zage ki a kan tudu da a yi addu'a a kan gawar ɗayanmu. Mun shiga mun ga ciyawar ruwa na rausaya kamar gashin doki, mun ga macizan ruwa suna kwance a kan dutse kamar masu jiran bas, ke kuma kina zaune kusa da inji mai ƙara, kina ƙirga kawunanmu har mu fito. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa wa gwiwoyin nan, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ga wanda zai karɓi makullin, da duk wanda ran wani ke bi ta hannunsa, ko birki yake ɗaurewa ko magani yake aunawa: idan ka juya baya, ka faɗa, tun mutane ba su nutse ba.

Har yau akan tambaye ni ko da gaske akwai dafi a tukwanen nan. Ban sani ba. Iskar ta koma sama, babu wanda ya auna ta. Erbolat ya ce babu, ni na ce akwai a tawa, Raushan da ta dawo bara ta ce a tata ne. Mu tara ne, kuma duka taran muna nan muna gardamar.