Mai Ba da Baiti

Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifina Katsina daga kudancin Kaduna, muka zauna wajen Ƙofar Kwaya. Ya rasu ya bar mu da Mama, wadda ko sunanta ba ta iya karantawa, amma in ana waƙa a coci sai ka rantse littafin waƙoƙin a cikinta aka buga shi. Asirin kuwa wani dattijo ne, tsohon makanike ɗan Filato. Shi ke ba da baiti: ya faɗi layi da ƙarfi, jama'a su rera, ya faɗi na gaba. Haka tsofaffinmu suka gaji waɗannan waƙoƙi, a hankali, ana ja kamar ana tuƙa tuwo.

Da aka ba ni shugabancin mawaƙa, matasa suka ce waƙoƙin sa barci suke yi. Gaskiyarsu ce. Na zauna na raba waƙoƙin murya huɗu, na sa piyano da ganga, na ƙara musu sauri. Amma tsakanin layi da layi na bar 'yar rata, daidai yadda dattijo zai faɗi nasa Mama ta kama. Mai ganga ya tsani ratar nan, ni kuma ba na ɗaukar raini, mun sha yin cacar baki a kanta.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da dattijo, 'ya'yansa suka zo suka mai da shi gida Filato. Na gwada ba da baitin da kaina, ga hannu yana kaɗa wa mawaƙa, ga baki yana ihu, abin ya zama taura biyu. Na roƙi samari, kowa ya ce kunya yake ji, wai aikin ƙauye ne. Kwamitin coci ya sayo majigi ana haska kalmomin a bango. Mai ganga ya cike ratar da kiɗa, kuma abin haushi, ya yi daɗi. Har tafi aka yi mana.

Daga inda nake tsaye ina hango Mama a layin mata. Takan buɗe baki ta jira, kafin ta tuno layin mun wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Wata Lahadi na je ɗaukarta a babur, na tarar ba ta ɗaura zanen zumuntar matan coci ba, tana tsince wake.

"Mama, za mu makara."

"Je ka abinka, ɗana. Waƙarku ta yi kyau, kowa yana faɗa."

"To ki zo ki ji mana."

Ba ta ɗago kai ba.

"Ai ni ba ji nake zuwa yi ba," in ji ta.