Mamacin da ya dawo a kashi na biyu

Jiya muna zaune ƙarƙashin bedi ni da Inna, muna kallon kashi na biyu na fim ɗin da aka turo mini a salula ran kasuwar Maijirgi.

A na farko jarumin ya mutu, an binne shi muna gani. Inna ta sha kuka, har tuwo ta kasa ci.

Sai ga shi garau, har da ƙiba.

Inna ta aje gyaɗar da take ɓara.

"Ba wannan na yi wa addu'a ba?"

"Shi ne, Inna. Wai suma ya yi."

"Suma har da likkafani? Kashe abin nan. In ya sake mutuwa kada ka gaya mini."

Ni kam na gaji da masu tone kabari. Ku fa, wa aka taso muku?