Tabarmar Kakata da Teku ya Tafi da Ita

Jiya ɗiyata ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta miƙo mini takarda in sa hannu. Za a kai ajinsu wani ɗan tsibiri su kwana huɗu, su ga jiragen masunta na da, su tsinci ƙaguwa a bakin teku. Ina tsaye a kicin ɗina a Vaulx-en-Velin, inda babu teku ko a mafarki, amma wallahi sai da na ji ƙarnin ciyawar ruwa a hancina. Bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara tara muna zaune a La Courneuve na kawo irin wannan takarda gida. Baba ya ce ɗiyarsa ba ta kwana a waje. Na yi kuka har na gaji. Kakata, wadda ta zo daga Maraɗi neman maganin ido ta zauna da mu, ita ta raba gardamar.

"To ni in bi ta mana. Mi za ya ci ta ina nan?"

Malamarmu dama tana neman iyayen da za su raka mu, sai ta amince. Ni kuwa murnata ta koma ciki. Ka dubi tsohuwa da lulluɓi, buta a hannu, tabarma naɗe a hammata, ba ta san komai a Faransanci ba sai "mersi", a tsakiyar ƴan ajinmu masu baki kamar reza. Ni ce tafintarta, kuma kunyarta nake ji. Yau ina faɗa maka wannan ina jin haushin kaina.

Tsibirin ƙarami ne, kana iya zagaye shi da ƙafa kafin azahar. Gidajen dutse ne gajeru, babu mota, iska ba ta hutawa, tsuntsaye fari-fari suna ta ihu a kanka. Wani tsohon masunci ne jagoranmu. Ranar farko ya kai mu gidan tarihinsu, ya nuna mana komar kamun kifi da igiyoyi da tsofaffin fitilu, sannan ya tsayar da mu gaban wani bango da aka rubuta sunayen mazan da teku ya ci. Sunayen sun kai daga sama har ƙasa. Tun daga nan tsoro ya shige ni.

Washegari da rana muka fito, sai muka tarar teku ya tafi. Inda jiya ruwa yake, yashi ne shimfiɗe iya ganinka, jirage kwance a kan haƙarƙarinsu. Tsohon ya tara mu ya ba kowa bokiti, ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗi: ruwan nan yana dawowa yau ɗin nan, kuma ta bayan mutum yake zagayowa, wanda ya ji ƙararrawa ya yar da komai ya nufo tudu.

Kakata ta taɓa ni. "Mi ya ce?"

Ƙawayena suna kallonmu, ɗaya har tana rufe baki. Na ce, "Ba komai, Kaka. Cewa ya yi mu tsinci ƙaguwa."

Ita kuwa ta dubi yashin ta gyaɗa kai, ta ce ashe nan ma ana rani. Ba wauta ba ce. A garinsu in gulbi ya ƙafe, ya ƙafe ke nan sai damina. A cikinsa ake shuka, a cikinsa jakuna ke bi. Wa zai gaya mata akwai ruwan da ke yin rani da damina sau biyu a yini? Ni ce mai gaya mata, na kuwa yi shiru.

Da azahar ta yi, ta ƙi yin salla inda yara za su zuba mata ido. Ta hango wani babban dutse can nesa a cikin yashin, ta ja hannuna muka nufe shi. A bayansa ta shimfiɗa tabarma, ta fuskanci gabas, ta ba teku baya, ta yi kabbara. Tana cikin raka'a ta biyu na ji ƙararrawa.

A gidanmu ba a yi wa mai salla magana, ba a gifta gabansa. Na sha ranƙwashi a kan haka har ya zauna mini a jini. Sai na tsaya ina kallo. Na zaci ruwan zai zo da ruri, ashe shiru yake zuwa, siriri kamar an zubar da ruwan wanki a tsakar gida, yana bin kowane kwari. Ina gani ya cika kwarin da ke tsakaninmu da tsibirin. Na yi gyaran murya, na yi tari, na yi kuka ba sauti. Kakata kuwa ga ciwon gwiwa, kowace sujada sai ta ɗauki lokacinta. Tana zaman tahiya ruwa ya taɓa tabarmar, ba ta motsa ba sai da ta sallame.

Ta waiwaya, ta dubi ruwan, ta dube ni. "Tun yaushe?"

"Tun raka'a ta biyu."

Ba ta yi ihu ba. Ta cire lulluɓinta ta duƙa. "Hau."

"Kaka, na yi girma."

"Hau, na ce!"

Ta goya ni ta tamke kamar jaririya. Ashe ta san ruwa mai gudu, don ta sha ƙetare rafi da kaya a ka lokacin damina. Ba ta ɗaga ƙafa, janta take yi a ƙasa, ta karkata jiki. Ta ce in kalli hasumiyar fitilar da ke can kan tsibirin, kada in kalli ruwa. Ya kawo mata gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji, ga sanyi kamar ana yanka ƙafafuna. Ina jin bugun zuciyarta ta bayanta. Sau ɗaya ta yi tuntuɓe muka nutse, gishiri ya cika mini baki, na tabbata sunana zai hau bangon nan. Da muka ɗago na ga tabarmarta ta wuce mu tana lilo a kan ruwa.

Tsohon masuncin ne ya shigo da igiya a ƙugu ya cafko hannunta. Yana zazzaga mata faɗa da Faransanci, tana mayar masa da Hausa, har muka taka tudu.

Muna ƙudundune cikin bargo na gaya mata gaskiya, cewa an yi gargaɗi ni ce na ɓoye. Na sunkuyar da kai ina jiran ranƙwashi.

"Ke ce kunnena a ƙasar ga," ta ce. "In kin toshe, na kurumce. Kuma in kin ƙara ganin ruwa ko wuta ina salla, ki jawo ni. Allah ya fi ki sanin dalili."

Malamarmu ta gaya wa Baba ruwa ya tare mu. Amma ƙaryar da na yi, Kakata ta koma Maraɗi da ita, ta shiga kabari da ita, ba wanda ya ji.

Yanzu yaranmu Hausarsu ta gutsure, a yi musu magana su amsa da Faransanci. Jiyan nan, ina riƙe da takardar, uwar mijina da ta zo daga Damagaram bara ta ɗago kai daga kan kujera ta tambayi jikarta abin da takardar ta ce.

"Ba komai, Kaka," in ji ɗiyata, ko waiwayawa ba ta yi ba.

Na kashe wutar girki. Na zaunar da ita gaban tsohuwar, na ce ta karanta mata layi-layi da Hausa, inda ta kakare in taimaka mata. Tana turo baki, tana in'ina, miya na hucewa a tukunya. Sai da ta kai layin ƙarshe, kakarta ta ce ta ji, sannan na sa hannu.