Malam Tambari da Takwarorina Biyu

Malam Tambari ɗan Ƙofar Atiku ne. Shekara talatin ya yi a ɗakin kati na wani asibiti a Mabera, tun ana jera katuna a kwali. Ba shi da fara'a, hularsa guda ce tun da na san shi, amma in ka faɗa mashi sunan kakanka sau ɗaya ya riƙe ke nan. Da aka kawo kwamfuta aka ce tsoho zai koma gida. Bai koma ba, ya zauna ya koye ta da yatsa biyu.

Ni sunana Halimatussa'adiyya. 'Ya'yana Junaid da Ɗahiru kowa ya sa wa ɗiyarsa ta fari sunana, kada a ce wani ya fi wani son uwa. A gida ta Junaid Ummi ce, ta Ɗahiru Inna. Inna ke da sikila.

Bara ciwon ya kayar da ita, likita ya ce sai ƙarin jini. Na tafi ɗakin kati. Malam Tambari ya buga, takarda ta fito, ya dube ta ya ƙi miƙo mani.

"Malam, yarinya na kwance, kai kana karatun jarida?"

"Hajiya, wace takwarar taki ce? Ta Ɗahiru?"

"Ita."

"To wanga rukunin jini na ta Junaid ne. Ni na buɗe masu kati duka."

Ya ce wanda ya tsara na'urar, gurbin harafi goma sha biyar ya ba suna, sauran zubarwa take. Kafin ta kai sunan uba ta ƙoshi, sai ta haɗe jikokina ta mai da su mutum guda.

Na ce, "Wato sunana ya yi mata yawa? Malamin da ya raɗa mani shi bai shaƙe ba, sai ƙarfe?"

Bai yi dariya ba. Ya tashi yana ɗingishi har wurin likita, ya ce kada a ɗaura komai sai an sake gwaji. Aka gwada. Jinin Inna da na takardar ba ɗaya ba ne.

Daga ranar ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya yana sa sunan uba a gaba. Halimatussa'adiyya goma sha ɗaya ya raba.

Inna ta tashi, bana ta shiga aji uku. Na aika mashi da sabuwar hula. Ran nan na gan shi, tsohuwar ce a kansa. Ban ce uffan ba, kuma duk Mabera an san wannan ba ƙaramar godiya ba ce daga bakina. Allah ya saka mashi.